Ruwan Garin Ya Karɓe Shi: Tafiyar Wata Kalmar Turanci Daga Faransa Zuwa Wurma

Akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan bokonmu, wato "acclimatize". Za ka ji ta wajen ɗan bautar ƙasa da aka turo Katsina daga Kudu cikin watan Afrilu, yana fifita da kwali, yana cewa har yanzu bai gama yin ta ba. Za ka ji ta wajen masu sharhin ƙwallon ƙafa idan ƙungiya ta isa wata ƙasa mako guda kafin ranar wasa. Ɗaliban da suka cika Dutsin-Ma tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin a 2011, su ma ba ta rabuwa da bakinsu. In ka tambayi ma'anarta sai a ce maka "sabawa da wuri", shi ke nan an sallame ka. To, fassarar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta bar kaya da yawa a baya. Kalma ce mai tarihi, kuma tarihin nata ya biyo ta ƙasarmu, har ya ratsa ta Kurfi tun kakannin kakanninmu suna yara. Shi nake so mu bi sawunsa tare, mai karatu, mu ga wa aka ƙirƙiro kalmar dominsa, kuma wa ake faɗa wa ita a yau.

Asalinta ba ta Ingilishi ba ce. Faransawa ne suka fara ƙera ta a ƙarni na 18, Turawan Ingila suka aro, har ta zauna da siffar da muka sani a wajen shekarun 1830. Cikinta akwai kalmar "climate", wato yanayin ƙasa na zafi da sanyi da ruwa da iska. Ita kuma wannan daga Girkanci ta fito, kuma daga wannan tushe ɗin ne Larabawa suka samu "iƙlim" da suke kiran yanki da shi. Ka ga ke nan almajirin da ya karanta littattafan Larabci ya san 'yar uwar kalmar tun kafin ɗan boko ya ji ta. Mutanen Ingila sukan rubuta ƙarshenta da "s" ko da "z", duk ɗaya ne, Amurkawa kuma sun fi son gajeruwarta, "acclimate". Ana amfani da ita ta fuska biyu. Mutum yana iya yin ta da kansa, wato jikinsa ya saba. Ana kuma iya yi wa wani abu ita, kamar a ɗauko shuka ko dabba daga wata ƙasa a yi ta lallaɓa ta har ta kama ƙasa. Wannan fuska ta biyu ita ce ta fi ƙarfi a farkon al'amari, kuma a riƙe ta, za mu dawo kanta.

Masana kimiyya ba su yarda a cuɗanya ta da 'yar uwarta "adapt" ba, ko da yake a bakin jama'a duk kanwar ja ce. A wajensu ta farkon abu ne da ke faruwa a jikin mutum ɗaya cikin kwanaki ko makonni. Wanda ya shigo zafi daga ƙasar sanyi, cikin mako ɗaya zuwa biyu jikinsa zai koyi yin gumi da wuri, gumin ya ƙaru, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya lafa. Wanda ya sauka a Addis Ababa, birnin da ke sama da mita 2,300 a kan tudu, zai yi 'yan kwanaki yana haki kafin jininsa ya ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar iska. Kuma in ya koma gida, bayan 'yan makonni duk wannan ya warware, ba zai gadar wa ɗansa ba. Ta biyun kuwa aikin zuriya ce, kaka da kakanni. Misalinta yana cikin jininmu. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna cewa masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila, waɗanda muke kira AS, sun fi tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro tun suna yara. Shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita. Duk auren da ya watse saboda sakamakon gwajin jini, wanda mu marubuta muka sha sa masu karatu kuka a kansa, kuɗin wannan tsira ne ake biya.

Bahaushe fa? Shi da ya tashi faɗar wannan abu sai ya juya maganar. Bai ce baƙo ya saba da ruwan gari ba, cewa ya yi ruwan garin ya karɓe shi, ko bai karɓe shi ba. Amarya ta tare a wani gari ta rame, sai tsofaffi su ce canjin ruwa ne. Ta yi ƙiba ta yi haske, a ce garin ya karɓe ta. Wato a tunanin Bahaushe ikon yana hannun ƙasa, baƙo jira yake a yi masa izini. A tunanin wanda ya ƙera waccan kalma kuwa ikon yana hannun mutum, shi ne zai tanƙwara jiki ko ya tanƙwara shuka har su bi. Ni dai ina ganin Bahaushe ya fi kusa da gaskiya, kuma kaburburan Turawan farko da ke warwatse a ƙasar nan shaiduna ne.

Kafin mu je kaburburan, mu leƙa Turai a lokacin da kalmar take tashe. A 1854 wani masanin dabbobi, Isidore Geoffroy Saint-Hilaire, ya kafa ƙungiya sukutum a birnin Paris da sunan wannan kalma, aikinta ɗauko dabbobi da tsirrai daga ƙasashen da Faransa ta mallaka a gwada su a gida, a kuma kai na gida can. A 1860 aka kafa irinta a London, daga nan abin ya bazu zuwa Ostareliya da New Zealand da Amurka. Sun yi imani cewa duk halittar da aka bi a hankali za ta zauna a ko'ina. Wani lokacin abin ya ci, har ya wuce gona da iri. A 1859 wani mai gona a Ostareliya, Thomas Austin, ya saki 'yan zomayen da ba su kai 30 ba don ya riƙa farauta. Cikin 'yan shekaru suka zama miliyoyi, suka cinye ciyawar tumaki, gwamnati ta yi ta kafa shingen waya na ɗaruruwan mil ba ta tare su ba. Amma babbar tambayar da ke cin Turawa a rai ba ta zomo ba ce. Ita ce, shin Bature da kansa zai iya zama a ƙasar zafi ya rayu? Domin in ba zai iya ba, to maganar mallakar Afirka ta Yamma tatsuniya ce.

Amsar da ƙasarmu ta fara ba su ba mai daɗi ba ce. Dakta Walter Oudney ya mutu a watan Janairu 1824 kusa da Katagum, bai ko ga Kano ba. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya kai Kano da Sakkwato, ya biyo ta Katsina ya koma gida, amma da ya sake dawowa sai ya kwanta a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a watan Afrilu 1827. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau Kwara, da niyyar kafa gonar gwaji a Lakwaja. Turawa wajen 150 ne a ciki, sama da 40 zazzaɓi ya kashe, aka watse ba shiri. Likitocinsu na lokacin sun ɗauka mugun tururi ne ke tashi daga fadama yana kashe su. Suna kuma da wata fahimta, cewa dole baƙo ya sha zazzaɓin farko, in ya tashi to ya gasu, ƙasa ta san shi. Matsalar ita ce da yawa ba su tashi ɗin. A nan ne gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta samu laƙabin kabarin Bature.

Wanda ya fi kowa daɗewa a cikinsu ya kuma koma da ransa shi ne Heinrich Barth, Bajamushe mai yi wa Ingila aiki, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Su uku suka tsallako Sahara a 1850. James Richardson ya mutu a 1851 a kan hanyar Borno, Adolf Overweg ya bi shi a 1852 a bakin tafkin Cadi, Barth ya rage shi kaɗai, ya yi shekara biyar yana yawo. Mutumin nan ya koyi Larabci da Hausa da Barbarci, ya sa tufafin mutanen ƙasa, ya sha fura, ya koyi tafiya da sanyin safiya ya kwanta a inuwa da rana. Ya shigo Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1853, kuma da ya tashi zuwa Sakkwato a watan Maris na wannan shekara sai hanya ta biyo da shi ta Kuraye da Kurfi. Abin da ya tarar a Kurfi shi ne ya fi ja mini hankali. Gari ne a gindin duwatsu, an kewaye shi da ganuwa da gwalalo ninki-ninki, kuma ya rubuta cewa ba a daɗe da gina shi ba, mutanen cikinsa tarkacen garuruwan da yaƙi ya cinye ne suka taru wuri ɗaya.

Wane yaƙi? Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, kuma ba su taɓa haƙura da gadon gidansu ba. Su da Gobirawan Tsibiri suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Yammacin Katsina, wajen Ruma da gefen dajin Rugu, ya zama filin daga, ƙauyuka suka tashi, gonaki suka koma daji. Talakan da ya tsira sai ya hau dutse, ya haƙa gwalalo, ya yi noma kusa da ganuwa inda zai iya rugawa ciki in ya hango ƙura. Dubi abin mamaki: ga Bature a kan doki yana fama da jikinsa ya saba da rana, ga 'yan ƙasa a gabansa suna koyon sabon zama a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Shi nasa yana da suna a ƙamus. Nasu ba wanda ya raɗa masa suna.

Abin da ya buɗe wa Turawa ƙofa a ƙarshe ba sabo ba ne, magani ne. A 1854 Dakta William Baikie ya hau Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, ya tilasta wa mutanensa shan kinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu. A 1897 Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Saboda haka lokacin da Lugard ya shigo Katsina a 1903, ya zo da kinin a aljihu da gidan sauro a cikin kaya. Daga nan kuma sai suka daina ƙoƙarin sabawa da ƙasar, suka koma sa ƙasar ta saba da su. Aka ware musu unguwa nesa da gari, abin da muke kira Barikin Turawa ko Ji'ar'e, aka ce a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da gidajen 'yan ƙasa, wai sauron da ya ciji yaran gari kada ya kai gare su. Aka gina musu gidaje masu faɗin baranda, ga kuku ga boyi, ga abincin gwangwani daga Ingila. Jami'i ya yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai a sa shi a jirgi ya tafi gida hutu na watanni. Wannan ai ba sabo ba ne, zaman jiran ranar tafiya ne. Wanda ya yi rawar da ta dace da sabon kiɗan shi ne Muhammadu Dikko, Durɓin da Turawa suka ɗora a gadon Katsina a 1906, wanda ya karanci halinsu tsaf, ya je har Ingila a 1921, ya kuma bar sarautar a gidansa har yau.

Akwai kuma wanda ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren, ba a cika tunawa da shi ba. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bawa, Overweg ya 'yanta shi, ya zama yaron Barth. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai tare da wani yaron mai suna Abbega. Ka yi tunanin ɗan shekara 15 ko 16 da ya tashi a zafin Damagaram, ya faɗa hunturun Ingila, ba kinin ɗin da zai sha na sanyi, ba unguwar da aka ware masa, ba hutun komawa gida bayan shekara. Ya zauna wajen wani ɗan mishan, J. F. Schön, wanda shi ma yana cikin waɗanda suka tsira daga tafiyar 1841. Dorugu ya yi ta ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, Schön yana rubutawa, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo ƙasar Hausa, ya yi aikin tafinta, ya ƙare a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Duk wani marubucin Hausa da ya taɓa kai jarumin littafinsa London ya sa shi rawar ɗari a filin jirgi, ya sani cewa wani ya riga shi da shekara ɗari da hamsin, kuma nasa ba ƙage ba ne.

Idan ana neman baƙin da ruwan ƙasar nan ya karɓa da gaske, to a tafi gona. Masara, da rogo, da gyaɗa, da barkono, da tumatir, da dankali, da gwanda, da taba, duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba ɗayansu da ya kai shekara 600 a Afirka. Sunan masara ma yana nuna ta inda Bahaushe ya ɗauka ta ɓullo, wato Masar. Mangwaro ɗan Indiya ne. Yau wa zai ce wa matar Wurma ƙuli-ƙuli baƙo ne, ko yajin da ta daka ba na kakanninta ba ne? Sai kuma bishiyar nan da Katsinawa ke kira bedi, Kanawa su ce darbejiya, wasu su ce dogon yaro. Ita ma 'yar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bi hanyoyin En'e da kasuwanni da makarantu. Ba ta neman ruwa da yawa, akuya ba ta damu da ita ba, ga inuwa rani da damina. Ko shekara 100 ba ta cika ba a ƙasar nan, amma a rufe ido a zana hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma babu ita, a ga in za a gane hanyar. Tsofaffi dai suna da ƙorafinsu, cewa inda ta yi yawa gawo da ɗorawa da kanya sun ja baya, kuma ba ta ba da kalwa, ba ta yi wa gona taki kamar gawo.

Auduga ita ce aka yi wa aikin kalmar sak yadda masu ita suka nufa. Bahaushe yana da audugarsa tun fil azal, da ita masaƙa da marina suka yi suna har Sahara. Amma masaƙun Lancashire suna son mai dogon zare, saboda haka a 1912 aka shigo da wani irin Amurka mai suna Allen, aka yi ta gwada shi a gonakin gwamnati a ƙasar Zazzau, ana zaɓen wanda ya jure ana zubar da wanda ya kasa. A shekarun 1920 aka buɗe gonar Daudawa a kudancin Katsina don yawaita irin, aka riƙa raba wa manoma, ana kai amfanin injin gurza na Funtuwa. Irin ya kama ƙasa ƙwarai. Sai dai a tambaya, don wa? Manomin da ya shuka ba shi ke yanka farashi ba, kuma kuɗin da ya samu haraji ke jira.

Shi manomin nan kuwa yana da nasa ilimin da ba a rubuta ba, kuma shi ne ainihin abin da ya riƙe ƙasar. Ba ya zuba ƙwansa a kwando ɗaya: gero mai saurin nuna a shuka da ruwan farko, dawa a bi shi, maiwa a jira ta, wake a ƙarƙashi, ta yadda duk yadda damina ta kaya wani abu zai kai rumbu. In ruwa ya yi jinkiri ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa iri ya jira sama. In an girbe, Bafillace ya shigo da shanu su ci kara su bar taki. In rani ya yi, samari su tafi cin rani a rage bakin da ke cin hatsi. In abin ya ƙi, mata su shiga daji neman tafasa da yaɗiya da ɗinya. Wani Bature mai suna Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita a ƙarshen shekarun 1970 yana bincike, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa fari kaɗai ba shi ke kawo yunwa ba. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta yi muni ne saboda ruwa ya ƙi a 1913, kuma ga harajin kuɗi da ba ya jira, ga hatsin rumbu an sayar an biya. Haka 'Yan Buhu a 1927, haka 'Yar Gusau a 1942. Dabarar manomi tana iya wa sama, amma ba ta iya wa mai karɓar haraji.

Farin 1972 zuwa 1974 ya zo ya karkashe dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗa. Sai gwamnati ta ce ita ma za ta tanƙwara ƙasa, ta daina jiran sama. Aka tare kogin Karaɗuwa kudu da Dutsin-Ma aka gina madatsar ruwa ta Zobe, aka gama a 1983 zamanin Shagari, da alkawarin noman rani na dubban kadada da ruwan famfo har birnin Katsina. Ruwa ya taru, ya kwanta. Masunta sun samu kifi, masu injin ban ruwa a gefe sun samu tumatir da albasa, amma babban alkawarin ya yi ta jiran gwamnati bayan gwamnati. Sai a watan Yuli 2021 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan shan, shekara 38 bayan gama madatsar. Yaron da aka haifa ranar da aka rufe bakin kogin ya yi furfurar farko kafin a kunna famfon.

Yanzu kalmar ta sake dawowa, amma ta canza wanda take kallo. A takardun ƙungiyoyin agaji da tarurrukan sauyin yanayi, 'yar uwarta "adapt" ce ke tashe, kuma ba Bature ake nufi ba, ba baƙo ake nufi ba. Manomin Wurma ake nufi, a gonar da ya gada. Ana ce masa damina ta rikice, ya nemi iri mai saurin nuna irin geron Sosat, ya dasa itace, ya tara ruwa. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ya riga masu ba shi ita farawa. Inda nake ja da su shi ne inda ake shimfiɗa kalmar ta rufe abin da ba yanayi ba ne. A watan Agusta 2019 'yan bindiga suka afka wa Wurma da dare, suka kwashi mutane har da mata suka yi daji da su. Ba Wurma kaɗai ba, ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma duk sun ɗanɗana. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka taƙaita sayar da mai a jarka. A waɗannan shekaru mutane suka koyi abubuwan da ba a koyar da su a gonar gwaji. Suka koyi barin gonar nesa su noma ta kusa. Wasu wuraren aka daina shuka dawa a bakin gari don dogon kara yana ɓoye mai zuwa. Magidanci ya kai iyalinsa cikin Dutsin-Ma ko Kurfi ya kama musu ɗaki, shi ya riƙa zuwa gona da hantsi ya baro ta kafin la'asar. Aka koyi sayar da saniya tun kafin a zo a kore ta, aka koyi haɗa kuɗin fansa gida-gida kamar gudunmawar biki.

Wani zai kalli wannan ya ce mutanenmu akwai juriya, sun saba. Ni wannan yabon tsoro yake ba ni. Bahaushe da ya ce sabo turken wawa ba yabo ya yi ba. Kalmar da Faransawa suka ƙera tana tafe da sharuɗɗa biyu da ba a faɗa: akwai lokacin da za a ba jiki ya daidaita, kuma abin da ake sabawa da shi ba mai niyya ba ne. Rana ba ta ƙara zafi don ta ga ka fara jurewa. Ɗan bindiga kuwa in ya ga an iya biyan miliyan ɗaya, gobe biyu zai ce. Jami'in mulkin mallaka yana da kinin da jirgin komawa gida, ɗan bautar ƙasa yana da wata 12 da takardar neman canjin jiha. Mutumin Wurma ina zai nemi canji ya koma?

A 2023 gwamnatin jihar ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa ido daga cikin al'umma, a 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama suka shiga sulhu da 'yan bindigar. Na Kurfi a dajin Wurma aka zauna, shugabannin gari a gefe guda, mutanen daji a gefe guda da makamansu. Masu goyon baya suka ce ko ba komai a samu a yi noma, masu suka suka tuna cewa an yi irin wannan zama a 2019 zamanin Gwamna Masari bai ɗore ba. Tsakanin wurin da aka yi wannan zama da duwatsun da Barth ya ga an kewaye da gwalalo, duk ƙasar hakimi ɗaya ce, Maraɗin Katsina, kuma tsakanin ranakun biyu shekara 172 ce.